Ranar da Mukhtari Ya Rage wa Kwamfuta Kaya

A Illela ba a hawan babur yadda ya fito daga kwali. Ranar da ka saye shi, kafin ma ka kai shi gida a sa masa albarka, sai ka biya wurin bakanike ya rage masa kaya. A cire madubai biyu, a cire murfin sarƙa, a ɓalle robobin gefe, a sauke fitilun juyawa, in akwai agogon gudu shi ma a kwance shi, tunda kowa da kunne yake sanin gudunsa. Abin da ya saura, ƙarfe da inji da taya biyu, shi ne babur. Shi ne zai ɗauki buhu uku ya ratsa yashi ya tsallaka iyaka ya shiga Kwanni bai yi tari ba. Kayan da aka cire kuwa ba su kwana a gareji, kafin la'asar 'yan gwangwan sun kwashe.

Taubashina Mukhtari, ɗan Gwaggo Radiyya ƙanwar Babana, a wannan makarantar ya yi karatu. Shekara shida yana bakanike, sannan ya wanke hannu ya koma gyaran waya, ya sa aka rubuta masa Injiniya a allon shago da jan fenti. Ko yanzu in ka kai masa waya, za ka karɓe ta tana aiki, amma da 'yan kusoshi biyu ko uku a leda, waɗanda ya ce kamfani ya sa su ne don ɓarna kawai.

Ni kuwa Latifa, a lokacin ban daɗe da gama digirin kwamfuta a Sakkwato ba. Ina gida ina jiran a tura mu bautar ƙasa, kaina cike da dabaru, ba wanda ke saurare sai kaji. In an yi mini tambaya ɗaya sai in ba da amsar biyar. Wannan halin nawa shi ya jawo komai, gara in faɗa tun yanzu.

Babana Alhaji Attahiru shi ne shugaban ƙungiyar masu albasa. Shekaru ana rigima tsakanin manomanmu da masu saye daga Kwanni a kan buhu. Manoman Lafani da na Darna suna cewa mutanen Kwanni na zuwa da buhun da mutum zai kwana ciki har ya miƙe ƙafa. Su kuma mutanen Kwanni suna cewa hular da ake ɗinka wa bakin buhu kullum ƙara motsewa take, ta tashi daga dara ta koma tagiyar jariri. Da abin ya yi tsami, babban mai sayensu Alhaji Hamidu ya ce ko a koma awo da kilo, ko su juya motocinsu wata kasuwar. Baba ya dafa ƙirji ya ce ranar Lahadi, ranar kasuwa, a gaban kowa, sikeli zai fara aiki.

Ranar Laraba sikelin ya iso. Faffaɗan faranti ne na ƙarfe, da waya mai shiga kwamfuta, da 'yar na'ura mai fitar da tikiti ɗauke da sunan kaya da nauyinsa. Kwamfutar ofishin ƙungiya tsohuwa ce ta kan tebur, ta gwanjo, mai tsarin Linuks a ciki. Aka jona waya, aka ɗora buhu, kwamfuta ta yi kamar ba da ita ake ba.

Da rana Baba ya dawo yana ta tsaki, ya tarar da Mukhtari a tsakar gidanmu ya tasa kwanon shinkafa da wake, don bai taɓa kuskuren lokacin sauke tukunyarmu ba. Baba ya tambaye ni ko karatuna ya kai ga sikeli. Ni kuma na gyara zama.

Na ce cikin kowace kwamfuta akwai wani abu da ake kira kanel, shi ne kamar injin babur, shi ke magana da duk ƙarafan da ke jikinta. Na ce kanel ba ya ɗaukar komai a ka lokaci ɗaya, yana da 'yan guntaye da ake ce wa modul, kowane da aikinsa, wannan ya san yaren firinta, wancan ya san yaren kibod, kamar tafintoci a bakin iyaka. Na ce mai yiwuwa tafintan sikelin yana nan cikin rumbun ajiyar kwamfutar, kiransa kawai ba a yi ba, aikin minti biyu ne. Da a nan na tsaya da an zauna lafiya. Amma daɗin bayani ya ɗebe ni, na ƙara da cewa in ma babu shi, ana iya buɗe kanel ɗin gaba ɗaya, a zaɓi abin da ake so a bar wanda ba a so, a sake ƙera shi sabo fil, kuma wannan aikin manyan gwanaye ne.

Na ga cokalin Mukhtari ya tsaya a iska.

"A bar wanda ba a so?" in ji shi.

Na ce ƙwarai. Ya lashe cokali ya ajiye, ya ce wa Baba shi dama tun da ya ji labarin ya san kanel ne, bai dai so ya katse 'yar boko ba ne tana karanto littafi.

Washegari da hantsi na ɗauki jakata na tafi ofishin, na tarar an riga ni. Mukhtari na kan kujera, mabuɗin ofis rataye a wuyansa, 'yan kabu-kabu sun yi dafifi a taga, yana gaya musu kanel ɗin kwamfutar nan ya sha ƙasa, sai an sauke shi an yi masa garambawul. Ashe da sassafe Gwaggo Radiyya ta je ta sami Baba, ta ce ai ba a barin ɗan 'yar'uwa mai sana'a a hannu a ba mai takarda. An kuma yi masa alkawarin in ya tada sikelin, kujerar mai awo tasa ce.

Na roƙe shi minti biyu kawai in duba rumbun. Ya ce ba a taɓa inji in an riga an kira bakanike. Na ce to in ya lalata fa? Ya miƙe tsaye don na waje su ji, ya dubi Baba da ya shigo a lokacin.

"Kawu, ka zan shaida. In ran Lahadi ba ni na tada sikelin ga ba, ni za a hwara ɗorawa bisa, a auna ni gaban mutanen Kwanni kamar buhu."

Zuwaira mai fura, wadda shekara goma take zama a inuwar ƙofar ofishin, ta ce ita ma ta shaida, kuma za ta zo da igiyar ɗinkin hula.

Ya samo bidiyon wani Bature a wayarsa, ya jingina ta da kwalbar lemo, yana kwaikwayon duk abin da aka buga. Ba laifi, ya kai har inda allo ke komawa shuɗi, ya jero abubuwan da ke cikin kanel, layi bayan layi, dubbai, kowane da 'yar alama a gefensa. Baturen ya ce kada a taɓa abin da ba a sani ba. Mukhtari ya kashe bidiyon a nan, ya ce daga nan kuma aikinmu ne.

Ya yi ta gangarawa yana girgiza kai. Ya ce ku dubi zalunci, an ɗora wa baiwar Allah kayan da ko tirela ba ta ɗauka, dole ta ƙi ganin sikeli, ina ta ga sararin ɗaga kai. Ya kira wani layi ya tambayi taga ko akwai wanda ya san shi. Aka ce babu. Ya danna, alama ta ɓace. Ya kira na gaba, aka ce babu. Ya danna. Nan da nan abin ya zama wasa, yana kira suna amsawa, 'yan kabu-kabu na cewa sauke, wannan madubi ne, sauke, wannan murfin sarƙa ne. Wani ya ce rabonsa da ganin gyara mai ma'ana irin wannan tun da aka fere masa babur ɗinsa na fari.

Daga bakin ƙofa na ce masa wancan da ya cire yanzu shi ke kula da ramukan da ake soka waya. Ya ce rami rami ne, ba ya buƙatar malami. Ya ce wa Zuwaira ta ba 'yar boko fura ta sanyaya kai. Zuwaira ta ce furarta ba ta maganin gaskiya.

Da ya gama da ciki sai ya dubi waje. Ya ɗauko sukundireba ya kwance murfin kwamfutar na gefe biyu da na gaba, ya jingina su a bango, ya ce yanzu ta sha iska. Da ba don Baba ya leƙo ba, da 'yan gwangwan sun tafi da su a ranar.

Sai aka tada janareta, ya buga umarnin ƙira, rubutu ya fara gudu a allo kamar ruwan famfo. Wannan kam ya burge jama'a. Masu canjin sefa suka bar teburansu suka zo kallo. Wani tsoho ya tambaya ko duk Mukhtari ne ya rubuta wannan, Mukhtari ya ce kaɗan daga ciki ke nan. Awa biyu ana gudu, kwamfuta ta ɗau zafi, 'yar fankarta na kuka, ya karɓi mahucin Zuwaira ya tsuguna yana yi mata fifita da hannunsa. Ana cikin haka janareta ta yi tari biyu ta mutu, don ba wanda ya tuna da mai. Allo ya yi baƙi. Mukhtari bai ko girgiza ba, ya ce dama nan ne ake barin ta ta huce.

Sai bayan sallar Juma'a aikin ya kammala. Ya tara mutane, ya kashe ya kunna. Gaskiya ta tashi da sauri, kafin ka ce bisimilla ta kai ƙofar shiga. Taga ta ɗauki tafi. Mukhtari ya juyo ya dube ni, ya ce ko a Sakkwato an koya mana irin wannan gudun. Ya miƙa yatsa zai buga kalmar sirri. Ya buga, babu komai. Ya buga da ƙarfi. Ya girgiza linzami, kibiya na tsaye a tsakiyar allo kamar an kafa ta da ƙusa.

Ya ce kibod ne ya tsufa, ba zai iya bin sabon inji ba. Aka aika shagon buga takardu aka aro wani. Shi ma shiru. Aka aro na mai ɗaukar hoto, aka aro na wani malamin makaranta, wani ɗan kabu-kabu don kishin gari ya tsallaka Kwanni ya dawo da na Faransanci. Kafin la'asar kibod tara ne jere a tabarma, masu su na tsaye a kansu, kowa na rantsuwa nasa lafiya lau ya baro gida. Mukhtari ya ce abin da ya daɗe yana faɗa ke nan, duk kibod ɗin yankin nan jabu ne. Mai hoto ya ce a maimaita masa wannan maganar a waje.

Na zagaya ta tagar baya na yi masa magana ƙasa-ƙasa. Na ce tsohon kanel yana nan bai tafi ko'ina ba, in ya kunna, a allon farko ya sauko layi na biyu ya zaɓe shi. Ya ce in tafi in ba shi wuri. Ina juyawa na ji ya kashe ya kunna. Jim kaɗan kibod ya farfaɗo, na ji yana gaya wa jama'a wannan wata dabara ce da ba a koyarwa a makaranta.

Ya koma shuɗin allo ya mayar da masu kula da ramuka, yana gunaguni. Amma ransa bai ba shi ya ƙara kaya bai rage wani ba, don haka ya nemo wasu layukan ya sauke a madadinsu. Aka sake ƙira.

Asabar da azahar aka sake taruwa, har an fi jiya. Ya kunna. Fanka ta juya, 'yar fitila ta yi ƙyafta, allo kuwa baƙi ƙirin. Aka jira. Mukhtari ya kanga kunne a jikinta ya ce tana aiki, ya ji ta, a ɓoye take yi don kada ta sha wuta. Ya ce ƙasashen da suka ci gaba duk sun daina kallon allo.

"To Injiniya," in ji Zuwaira, "kilon ma da kunne za mu ji shi?"

Ya ce ita dai ta dama furarta. Ta ce furarta ko a duhu aka dama ta ana ganin ta a kwano. Ya sa aka ɗauko talabijin ɗin mai shayi aka jona, ita ma ta yi baƙi, mai shayi ya ce in ta kamu da cutar to a san abin da za a gaya wa masu kallon ƙwallo.

Na koma tagar baya. Ban ma buɗe baki ba ya ce ya sani, layi na biyu. Da ta dawo hayyacinta bisa tsohon kanel, sai ya harɗe hannu yana tunani, irin tunanin da in ya yi shi a gareji masu babura ke fara addu'a. Can ya ce ya gano. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin babur mai inji biyu ba. Sabon na son ya ja, tsohon na riƙe shi ta baya, dole a samu matsala. Kuma kayan da aka sauke ba su kwana a gareji.

Na ce Yaya Mukhtari, don girman Allah, wannan tsohon shi ne kaɗai hanyarka ta komawa gida. Rabon da in kira shi Yaya tun ina firamare, amma ko wannan bai taɓa shi ba. Ya ce masu shakka ke ajiye hanyar komawa. A gabana ya goge shi. Ya mayar da masu kula da allo da ya sauke jiya, ya sake bin jerin ya ƙara sassabe, ya ce wannan karon ƙarfe da inji da taya kawai zai bari. Ya tada ƙira ta uku ya rufe tagar baya.

Na sami Baba na gaya masa. Yana jan carbi ya ce shi dai bai san kanel ba, amma ya san Radiyya, in ya karɓe mabuɗin nan yau ba zai sake cin tuwon salla cikin kwanciyar hankali ba. Ya ce a bar shi ya kai Lahadin da ya yanka wa kansa. Sannan ya dube ni ta gefen ido ya tambaya ko akwai abin da mutum zai iya riƙewa a jaka, don ko ta kwana. Na ce akwai. Na je na zuba cikakken tsarin a filashi, da kanel irin wanda ya goge, na jefa a jaka.

Lahadi kasuwa ta cika tun hantsi. An kafa rumfa a gaban ofis, an fito da sikeli da tebur, kwamfuta na bisa tsirara, wayoyinta a waje. Manoman Lafani da na Darna sun jibge buhunansu gefe guda. Alhaji Hamidu ya iso da mutanensa cikin manyan riguna, aka ba su kujerun gaba. Na lura a bayan motarsu akwai ɗaurin buhunan nan nasu na kwana, wato ba su zo da cikakken imani ba.

Mukhtari ya sha shadda ruwan ƙwai, da hula, da tabarau. Ƙirar ta gama tun da safe amma ya ƙi gwadawa. Ya ce sabon babur a gaban jama'a ake fara tada shi, gwaji a ɓoye na marasa tabbas ne. Aka yi addu'a, Baba ya yi gajeren jawabi, Mukhtari ya karɓi lasifika ya yi dogo. Ya ce ya tarar da kwamfutar nan da kaya dubu goma sha wani abu, ya bar ta da abin da bai kai ɗari ba. Ya ce ko a Yamai ba a taɓa irin wannan aikin ba, in mutanen Kwanni na so zai tsallaka ya rage wa nasu. Sannan ya danna.

Allo ya kawo, 'yan kabu-kabu suka fara murna. Rubutu ya gudo layi kamar ashirin ya tsaya cak. Fitilu biyu a kan kibod suka shiga ƙyaftawa tare. Aka jira. Akuya ta yi kuka a bayan rumfa.

Alhaji Hamidu ya ce shi Faransanci ya ɗan taɓa, ko akwai mai karanta musu wannan. Baba ya yafuto ni. Na matsa na duba, na ce tana cewa kanel ya firgita, ya nemi rumbun da komai ke ciki bai gan shi ba, don an cire wanda ya san hanyar zuwa can.

"Ya hirgita?" in ji Baba. "Mi yag gani?"

"Injiniya yag gani, Alhaji," in ji Zuwaira.

Rumfa ta kwashe da dariya har da mutanen Kwanni. Mukhtari ya ce rana ce ta yi yawa, aka matso da laima. Ya ce janareta ce ke ba da wuta mai ƙura, aka canza waya. Ya kashe ya kunna sau huɗu, sau huɗu tana firgita a wuri ɗaya. Ya kai hannu ga kibod a allon farko yana neman layi na biyu, ya danna ƙasa, ya sake dannawa, babu layi na biyu. Ya ɗago ya dube ni. Na dai gyara mayafina.

Wani ɗan kabu-kabu ya ba da shawarar a tura ta a sa giya. Wani ya ce a busa mata fulogi. Mukhtari ya cire tabarau, ya cire hula, ya tsuguna yana leƙa cikinta da sukundireba a hannu, yana neman abin da zai ƙara kwancewa.

Alhaji Hamidu ya dubi agogo ya miƙe a hankali. Ya ce wa Baba ba komai, Allah bai nufa ba, su dai motocinsu ba za su koma wayam ba, ko a cika musu buhunan da suka zo da su, ko su gaba. Ya yi wa mutanensa alama su kwanto ɗaurin. Manoma suka fara hayaniya, wani daga Darna ya ce in buhun kwana ne gara ya mayar da albasarsa gida ya ci ta da gishiri. Na ga gumi ya tsattsafo wa Baba a ƙarƙashin hula.

Baba ya roƙi Alhaji Hamidu ya ba shi gwargwadon shan fura ɗaya. Sannan ya miƙa wa Mukhtari hannu. Mukhtari ya ciro mabuɗin daga wuya ya ba shi. Baba ya ajiye shi a gabana.

Zuwaira ta fara damu, ta kuma yi shi a natse, Allah ya saka mata. Na soka filashi na tada kwamfutar daga cikinsa, na mayar da kanel ɗin da aka goge da duk tafintocinsa, na cire filashi na sake kunnawa. Ta tashi a hankali, da nauyinta na da, Mukhtari na bayana yana cewa ku gani, ta koma jan ƙafa. Na leƙa rumbu. Modul ɗin sikelin na nan zaune, inda yake tun ranar Laraba, tun kafin Laraba ma. Na buga layi ɗaya na kira shi, na kuma rubuta sunansa inda za a riƙa kiransa kullum in an kunna. Sifili uku suka bayyana a allo, manya, kore shar. Alhaji Hamidu bai kai rabin kwanonsa ba.

Baba ya tambaye ni da ƙarfi, don a ji, wannan na ƙarshen shi ne aikin minti biyun da na ce? Na ce shi ne. Mukhtari ya ce ai dole ya yi sauƙi, tunda shi ya riga ya sassauta kusoshin.

Wani manomi ya sungumo buhu zai ɗora, Zuwaira ta ɗaga ludayi ta ce a dakata, akwai buhun da ya riga shi layi. Ta ciro igiyar ɗinkin hula daga ƙarƙashin faifai ta ajiye a tebur. Mukhtari ya ce wannan magana ce ta cikin ofis. 'Yan kabu-kabu suka ce ta taga suka ji ta, taga kuwa waje take. Ya dubi Baba ya ce Kawu. Baba ya ce shi aka sa shaida, kuma bai taɓa cin amanar shaida ba. Aka ba Alhaji Hamidu labarin rantsuwar, ya koma ya zauna ya gyara riga, ya ce wannan kam ko motoci za su kwana sai ya gani.

Mukhtari ya hau. Ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar faranti cikin shaddarsa ruwan ƙwai, yana kallon sama. Lambobi suka yi rawa suka tsaya. 'Yar na'ura ta yi ƙirr ta turo tikiti na farko a tarihin kasuwarmu. Baba ya yage ya miƙa wa babban baƙo. Alhaji Hamidu ya nisanta takardar da idonsa ya karanta a lasifika.

"Albasa. Kilo hamsin da biyu."

Sai da aka ɗauki lokaci kafin a ji maganar kowa. Da aka lafa, aka sauke shi aka ɗora buhun Lafani mai hula, ya ba da ɗari da huɗu. Alhaji Hamidu ya duba wannan tikiti ya duba wancan, ya ce lallai sikelin nan na da gaskiya, rabin buhu cif, ko albasa ɗaya ba ta yi sama ba. Ya ce a mayar da buhunan kwana cikin mota, daga yau kilo. Manoma suka shiga jan kayansu zuwa layi, Baba ya share gumi ya ce in zauna a kujerar mai awo har ranar da za a kira mu bautar ƙasa.

Zuwaira ta ce ba laifin Injiniya ba ne, shi ma tun yana yaro aka rage masa kaya.

Wannan ce ta fi yi masa ciwo. Ya ce sikelin bai gama zama ba, shi ya san ya haura sittin, a sake. Baba ya ce layi ya yi tsawo. Ya ce ba zai bar wurin nan da sunan rabin buhu ba. Ya mayar da hularsa, ya mayar da tabarau, ya zuba sukundireba da filaya a aljihu, ya shiga ofis ya fito rungume da murafen kwamfutar nan uku da ya kwance, da kibod biyu da masu su ba su zo karɓa ba, ya je ya bi layi a bayan buhunan Darna.

Wani tsohon bakanike da ya koya masa aiki yana tsaye kusa da teburina. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce shekara ashirin ya san yaron nan, yau ce rana ta farko da ya ga ya ƙara wa wani abu kaya.

Da layi ya zo kansa ya hau da tarkacensa duka, na danna, tikiti ya fito. Albasa, kilo hamsin da tara. Ya karɓa ya duba, ya ce kun gani, yana hawa. Har yau tikitin na manne a shagonsa ƙarƙashin jan fenti, yana nuna wa masu kawo gyara a matsayin shaidar shi ya buɗe sikelin Illela. In kun zo neman shagon dai kada ku tambayi Injiniya, ba wanda zai gane. Ku ce a kai ku wurin Rabin Buhu.